HANKAKA MA YA KOYAR: MU KOYA WA YARA KALLON HALITTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan uwa, a Suratul Ma'ida aya ta 31 Allah Ya ba mu labarin ɗan Annabi Adam (AS) da ya kashe ɗan uwansa, ya rasa yadda zai yi da gawar. Sai Allah Ya aiko hankaka yana tona ƙasa, ya gani, ya koya. Wato binne mamaci, aikin da muke yi har gobe, daga tsuntsu ɗan Adam ya fara ɗaukarsa. Ku duba kuma surorin da ke ɗauke da sunan dabba ko ƙwaro: Baƙara, An'am, Nahl, Naml, Ankabut, Fil. Suratul Gashiya kuwa ta tura mu mu dubi yadda aka halicci raƙumi.

To amma yaya muke karantar da yaranmu waɗannan ayoyi? Yaro ya hardace Suratun Nahl, an yi masa walima, bai taɓa riƙe saƙar zuma ya ƙirga kusurwoyin ramukanta ba. Shida ne. Wannan tsari shi ne yake ba da fili mafi yawa da kaki mafi ƙanƙanta, kuma sai a 1999 wani masanin lissafi, Thomas Hales, ya kammala hujjar hakan. Kudan zuman da ke cikin amya a kan bishiyar bayan gari tun fil'azal haka yake gininsa. Mun taƙaita tafakkuri a kan mu ce Subhanallah mu wuce. Tasbihi wajibinmu ne, amma ayar dubawa ta ce a yi, kuma wanda ya duba da kyau yana tashi da abin yi.

Wasu sun duba. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya ga 'ya'yan wata ciyawa irin ƙashin yawo sun maƙale a kayansa da gashin karensa. Ya sa su a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne. Daga nan aka samu Velcro, abin nan mai manne kansa da ke jikin takalman yara. Mu kuwa wane yaro ne a Gaya ko Ajingi bai cire ƙashin yawo da ƙarangiya daga wandonsa ba? Cirewa yake yi ya yar, don ba wanda ya taɓa tambayarsa: me ya sa ta kama?

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe akwai wani katafaren gini, Eastgate, da aka buɗe a 1996. Mai zanensa, Mick Pearce, ya ɗauki tunaninsa daga surin gara: bango mai kauri, iskar dare mai sanyi tana ratsa ginin, iska mai zafi tana fita ta sama. Suri ga shi nan a gonakinmu. Amma ku shiga ajin Islamiyya mai rufin kwano a watan Afrilu, yara cunkushe, taga ɗaya, gumi yana ɗiga a kan littafi. Wace harda ce za ta zauna? Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azara sun fi mu gane zafin ƙasar nan.

Kada wani ya ce wannan sai Bature. Abbas bn Firnas, malamin Andalus da ya rasu a 887 Miladiyya, ya yi wa kansa fukafukai ya gwada tashi. Kusa da mu ma, a Dutse, malamin makaranta Muhammad Bah Abba ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafi, kamar dai yadda Allah Ya sa gumi yake sanyaya jikinka. Kayan miya suka riƙa daɗewa ba wutar lantarki, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Sirrin randar da ke tsakar gidanku kenan.

Akwai mai cewa: Malam, kwaikwayon halitta ba gasa da Mahalicci ba ne? A'a. Sassaƙa surar mai rai mas'ala ce daban da malamai suka yi bayaninta. Ɗaukar hikimar da Allah Ya ajiye a jikin gara don yara su samu iska a aji amfani ne da abin da aka hore mana. Inda za mu gyara shi ne harshe. Littattafan boko da yawa sukan ce ɗabi'a ce ta tsara. Mu za mu ce wa yaro Allah ne Ya tsara, sannan mu nuna masa yadda tsarin yake aiki. Biyun tare ake bayarwa.

To me malami da uba za su yi? Wallahi ba ya buƙatar kuɗi. Sau ɗaya a mako a fita da yara bayan gari. A tsaya a gindin gawo a tambaye su: me ya sa yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, kuma me ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa? A nuna musu tafin raƙumi, sannan su danna tsinke da faifai a cikin yashi su ga wanne ya nutse. A ba su yumɓu su gina ɗakuna biyu, ɗaya da kafofin iska sama da ƙasa, ɗaya a toshe, a ajiye a rana, su sa hannu su ji bambanci. A jiƙa tsumma a naɗe gorar ruwa, a bar wata haka nan. Kada malami ya yi saurin ba da amsa, a bar yaro ya yi zato, ya gwada, ya sake. 'Yan mata ma a tafi da su.

Sharaɗi ɗaya: kallo ne, ban da cutarwa. Ba a rushe suri, ba a zura hannu a rami saboda maciji da kunama, ba a harbin tsuntsu da danƙo don wasa. Addininmu ya hana azabtar da dabba.

Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka je Dutsen Dala neman tama, har ake danganta sunan Kano da ɗayansu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, a bakin ƙofarmu. Yaron da zai shige ta ya fito da abin amfani, tun yana ɗan shekara bakwai ake sa masa ɗabi'ar tambaya. Idan ɗanka ya tsugunna yana kallon tururuwa, kada ka daka masa tsawa. Tsugunna kusa da shi ka ce: me ka gani?

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu tafakkuri da aiki. Wallahu a'alam.