Darasi: Kada Mu Rena Ƙaramin Magani

Abin karantawa: 2 Sarakuna 5:1-14 da Markus 3:1-6.

Darasinmu na yau domin waɗanda ciwo ya daɗe a jikinsu ne, da waɗanda su ke jiyyarsu, da dukan wanda damuwa ta hana shi barci.

1. Fushin Na'aman

Na'aman shugaban rundunar Sarkin Suriya ne, jarumi, amma yana da kuturta. Wata ƙaramar baiwa daga Isra'ila ce ta ba da labarin annabin da ke Samariya. Sai ya tashi da talanti 10 na azurfa, da zinariya 6,000, da riguna 10, gama yana tsammani babban ciwo sai babban magani mai tsada. Amma Elisha ko fitowa bai yi ba. Ya aiki manzo ya gaya masa ya yi wanka sau 7 cikin Urdun. Na'aman ya husata ƙwarai, ya tuna da kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, ya juya zai tafi. Barorinsa ne su ka lallashe shi, su ka nuna masa cewa da abu mai wuya aka ɗora masa, da ya yi. Ku lura: saura kaɗan ya koma gida da ciwonsa, domin kawai maganin ya yi masa ƙanƙanta.

2. Aikin hannu da ƙafa

A Molai, kusa da Maiduguri bisa hanyar Damboa, Mishan ta SUM ta soma jiyyar masu kuturta a shekarun 1930. A zamanin nan mutane suna zaton ciwon ne ya ke cin yatsu. Amma Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna ba haka ba ne. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyi, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi. Mutum ya kan ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, rauni ya zama miki, yatsun da ba a motsawa kuma su ƙage.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna masu kashe ƙwayar, waɗanda a yau a ke sha wata 6 ko 12, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Duk da haka jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Saboda haka a kan koya wa wanda ya warke aikin kowace rana: ya jiƙa hannuwa da ƙafafu cikin ruwa mai sanyi kamar minti 20, ya goge kanta da dutse a hankali, ya shafa mai tun fata ba ta bushe ba, sa'an nan ya ɗora hannu bisa cinya, ya shafe yatsun da ɗayan hannun yana miƙe su sannu sannu. Kwarya ɗaya ta ruwa da ɗan man kaɗanya, shi ke nan. Wannan ita ce Urdun tasa. Wanda ya rena ta, yatsunsa su ke biyan bashin.

3. Miƙa hannu

A majami'a Yesu ya umurci mai shanyayyen hannu ya miƙa shi. Ikon warkarwa na Ubangiji ne shi kaɗai, amma miƙawar an bar wa mutumin. Ba mu ce kowane mai miƙa hannu zai warke nan take ba, gama Allah bai yi mana wannan alkawari ba. Abin da mu ke cewa shi ne, jikinmu amana ce, ɗan ƙarfin da ya rage kuma ba a binne shi.

Wannan ya shafi mai shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda ya daɗe a kwance. Ya shafi kuma masu nauyin zuciya, gama tun 2009 mutanen Borno sun sha baƙin ciki, ambaliyar Satumba ta 2024 kuma ta ƙara wani. Tsoro ya kan ɗaure wuya da kafaɗu, ya gajarta numfashi. Bari irin wannan mutum ya tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya yi tafiyar minti 5 ko 10 ƙarƙashin inuwar dogon yaro, ya ƙara kaɗan kowane mako. In ba ya iya tafiya, ya zauna bisa kujera, ya ɗaga hannuwa a hankali yana jan numfashi, ya sauke su yana fitarwa, yana ambaton sunan Ubangiji a zuciyarsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma a kiyaye: wannan ba ya maye gurbin magani. Mai miki a tafin ƙafa ya huta, kada ya taka ta. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sabon rauni a gaɓa, ya tsaya ya nemi likita.

4. Aikin ikilisiya

Na'aman bai sauka Urdun ba sai da barorinsa su ka ƙarfafa shi. Mara lafiya shi kaɗai ya kan gaji a mako na biyu. Ziyara da addu'a suna da kyau. Bari mu ƙara da kama masa hannu zuwa bakin titi, ko ɗebo masa ruwan jiƙa ƙafa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Na'aman ya husata?
2. Wace ƙaramar shawara ce ka taɓa renawa domin girman kai?
3. Wane ne cikin ikilisiyarmu za mu raka tafiya a wannan mako, wa kuma zai je?

Addu'a

Ya Uba, kai ne ka gina jikinmu, ka san rauninsa. Ka cire mana girman kan Na'aman, ka ba mu biyayyarsa ta ƙarshe. Ka ba masu ciwo haƙurin kowace safiya, ka sa mu zama masu riƙe hannunsu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.