Gidan Wa Ne?

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san Mitilini, inda jirgin Manzo Bulus ya tsaya sa'anda ya ke kan hanyar Urushalima (Ayyukan Manzanni 20:14). Garin yana nan har yau a tsibirin Lesbos na ƙasar Girka. In mutum ya tsaya a bakin ruwa can, zai hangi gaɓar ƙasar Turkiyya. A wannan gaɓa akwai wani gari, Turkawa suna ce da shi Aibalik, Helenawa kuwa, watau mutanen Girka, suna ce da shi Kidoniyes. Zancensa mu ke so mu yi, gama ya ɗora mana tambaya mai wuya.

A dā kusan dukan mutanen garin Helenawa ne, Krista, ko da ya ke suna ƙarƙashin mulkin Turkawa. Suna noman zaitun, suna matse mai, suna yin sabulu. Suka gina gidajen dutse da manyan majami'u. Sai yaƙi ya zo. A 1919 sojan Girka suka sauka a gaɓar, a 1922 aka kore su. Ba mu wanke kowa ba. Sojan Girka sun ƙone garuruwan Turkawa a kan hanyar gudu. Turkawa kuma suka kwashe mazan Aibalik zuwa aikin tilas can cikin ƙasa, kaɗan ƙwarai suka komo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka komo shi ne Iliyas Benezis, saurayi mai shekara 18 a lokacin, wanda daga baya ya rubuta labarin, ya sa wa littafin sunan lambar da aka ba shi, 31328.

A 1923, a birnin Lozan, gwamnatocin nan biyu suka sa hannu a kan musayar mutane. Krista fiye da miliyan ɗaya suka rabu da Turkiyya, har da waɗanda suka riga suka gudu, Musulmi wajen 400,000 kuma suka rabu da Girka. Da addini aka auna, ba da harshe ba. Saboda haka waɗanda aka zuba cikin gidajen Aibalik Musulmi ne daga Lesbos da Karita, tsibirin nan da Bulus ya bar Titus. Na Karita da yawa harshen Helenawa su ke yi a gida. Su ma an raba su da gonakinsu da kaburburan iyayensu, ba wanda ya tambaye su.

Yau jikokin Helenawan nan su kan shiga jirgin ruwa daga Mitilini, su zo su nemi ƙofar da kakarsu ta yi ta ba su labari. Wanda ya buɗe musu kuwa jikan ɗan gudun hijira ne kamarsu. To, 'yan'uwa, gidan wa ne?

Zuciyarmu ta fara karkata wajen mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba mu ɓoye ba, gama ɗan'uwanmu ne cikin Kristi. Muna kuma da Nabot, wanda ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar gādonsa, Ubangiji kuwa ya bi masa hakkin jininsa (1 Sarakuna 21). Daɗewar shekaru ba ta mai da ƙwace ya zama kyauta. Amma ina Ahab a cikin gidan nan? Mutumin da ke ciki bai ƙwace ba, ubansa ma bai ƙwace ba. Annabi Ezekiyel ya koya mana, sura 18, ba a ɗora wa ɗa laifin ubansa, balle laifin manyan da suka zauna a Lozan. In aka fitar da shi domin a gyara laifin 1923, an sake yin laifin ke nan, an kuwa yi wa wanda bai ci ba bai sha ba. Tun 1930 ma gwamnatocin biyu suka rufe zancen dukiyar da aka bari, kowace ta riƙe abin da ke hannunta.

A ganinmu gidan na wanda ke cikinsa ne. Amma akwai bashi a kansa, ba na kuɗi ba. Bashin shi ne gaskiya. Kada ya ce kakanninsa ne suka kafa dutsen, kada ya kankare rubutun da ke bisa ƙofa, kada ya gaya wa 'ya'yansa ba a taɓa yin kowa a nan ba. Wanda aka kora, sa'an nan aka ce bai taɓa zama ba, sau biyu ke nan aka kore shi. Mai ziyara kuma, shi ma da nasa nauyin. Ya tuna, ya yi kuka in ya ga dama, hakkinsa ne. Amma in ya koya wa ɗansa sunan titin, ya haɗa masa da ƙiyayyar mai gidan, ya ba shi gādon da zai ci shi.

Akwai wurin da wannan magana ta fi yi mana zafi, watau majami'u. Majami'ar Yohanna ta Aibalik masallaci ce yanzu, ana ce da ita Masallacin Agogo. Ta Jojiya ma haka. Wane mai bi ne zai ji wannan ransa bai sosu ba? Duk da haka sai mu tuna, masallatan da Musulmi suka bari a Lesbos da Karita, waɗansu sun zama kango, waɗansu an mai da su wani abu dabam, jikokinsu ma suna haye ruwa su je su duba. Wata majami'ar kuma, wadda a ke kira Taksiyarhis, gwamnatin Turkiyya ta gyara ta, ta buɗe ta a 2013 domin masu zuwa kallo. Ba taron sujada kowace Lahadi kamar dā, amma ƙofa a buɗe ta ke, jikan Karita da jikan Kidoniyes duka suna shiga.