Watsa Shinkafa a Bikin Aure Lokacin Tsadar Abinci

A ƙasar Filifin, inda galibin jama'a Kirista ne, al'ada ce a watsa wa ango da amarya ɗanyar shinkafa a ƙofar coci, wai fatan yalwa da zuriya. To, a shekarar 2008 shinkafa ta yi tsada a duniya, har tan ɗaya ya haura dala 1,000, talakawan Manila suka riƙa bin dogon layi domin sayen ta gwamnati mai rahusa. Yaya za a tattake abin da maƙwabci ya wuni yana nema?

Suratul Isra'i, aya ta 27, ta ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mubazzari da shaiɗanu. Hasali ma Imamu Malik ya karhanta watsa dabino ko sukari a wurin biki, alhali wannan ana tsincewa a ci, balle hatsin da zai ƙare a ƙarƙashin takalmi.

Wanda dai ya nace sai ya watsa wani abu, ga furen sampaguita nan birjik a ƙasarsu. Shinkafar kuwa a auna ta, a dafa, a kira matalautan unguwa walima, su ne za a fara zuba wa.