Wa Zai Fara Ci Daga Tukunya?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:14-15; Yakubu 5:1-6



Wata Lahadi bayan sujada, wata 'yar'uwa daga unguwar Yelwa ta tsayar da ni a ƙofar majami'a. Tana aiki a wani babban kanti a nan Garwa, tsaye gaban akwatin kuɗi tun safe har dare. An rage ma'aikata, aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya, albashi kuma sai wata ya yi nisa kafin ya fito. Da suka kai kuka, manaja ya ce shi ma ɗan aike ne, masu hannun jari suna jiran ribarsu. Ta tambaye ni, "Fasto, zunubi suke yi, ko dai haka kasuwa take?"

Ban amsa mata nan take ba, domin mai jari ma yana da tasa hujja. Shi ya sa dukiyarsa, in kanti ya ƙone ko kaya suka lalace, shi zai yi asara. Ba don jari ba, da babu Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, wanda iyalai da yawa na arewacin Kamaru ke ci daga gare shi. A misalin talanti, cikin Matiyu 25, bawan da ya binne kuɗi a ƙasa ne aka tsauta wa. Riba ba ƙazanta ba ce.

Tambayar ita ce, wa zai fara ci? A 1970 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya rubuta cewa aikin kamfani shi ne ƙara riba, muddin yana bin doka. Koyarwar ta bazu ƙwarai. Amma a 2019 shugabannin manyan kamfanoni 181 na ƙasar suka sa hannu a wata takarda, suka yarda cewa ma'aikaci da mai saye su ma suna da hakki a kansu. Ko sun cika alkawarin, wannan wata magana ce.

Shari'ar Musa ta riga su da nisa. Ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago tun rana ba ta faɗi ba, ta kuma ba da dalili: da wannan kuɗin zai ci. Ka lura da hikimar. Mai jari in ribarsa ta yi jinkirin wata uku, zai yi fushi, amma tukunyarsa tana kan wuta. Mai jiran kanti in albashinta ya yi jinkirin mako biyu, mai gida zai zo neman kuɗin haya, a koro yaro daga makaranta. Albashi bashi ne, gumin ya riga ya zuba. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an biya bashi. Wanda ya raba riba alhali hakkin ma'aikaci yana hannunsa, kuɗin wani ya raba. Yakubu ya ce irin wannan kuɗi yana da murya, kuma Ubangiji yana jinta.

Kada ka yi saurin nuna Duwala ko Faransa da yatsa. Da yawa cikinmu masu jari ne ƙanana. Kana da yaron shago a babbar kasuwa, ko mai gadi, ko yarinyar da ke wa matarka wanke-wanke? A 2023 gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama sefa 60,000 ga masu aiki a kamfanoni da kantuna, 45,000 ga aikin gona. Nawa kake biya? Na san dattawan ikilisiya da ba sa fasa zakka, amma yaransu na bin su wata biyu.

Ita kuwa 'yar'uwar, na faɗa mata cewa zunubi ne. Na kuma gargaɗe ta kada ta sa hannu cikin akwatin kuɗi da sunan ramuwa, ko ta huce a kan mai saye, wanda bai ci mata kome ba. Na ce ta rubuta ranakun da aka biya ta, ta bincika ko an yi mata rajista a CNPS, sa'an nan ta tara abokan aikinta su tafi ofishin sufeton ƙodago tare. Muka yi addu'a, muka sa har da manajan a ciki.