Mutanen Gimi

Duk wanda ya tashi a Surko, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, ya ji sunan Ningi tun yana ƙarami. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da ake kwana cikin ɗar-ɗar saboda harin Ningawa, manomi ya tafi gona da kwari da baka a rataye. Asalin abin kuwa malamai ne. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano, bayan sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi. Tun daga nan duwatsun suka zama mafakar duk wanda ya saɓa da fadar Kano. Cikin waɗanda suka fake a wannan yanki akwai wata 'yar jama'a da yau ba kowa ke tuna ta ba, su ne Isawa. Maƙwabtan kakanninmu ne, kuma ƙarshen da wasunsu suka yi yana sa jikin mai saurare ya yi sanyi.

Malaminsu shi ne Malam Ibrahim, wanda ya rayu a birnin Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, da ya hau gado a 1855. Ya duƙufa kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har ya kai shi matsayin da malaman Kano suka ga ya wuce gona da iri. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa a bainar jama'a. Almajiransa suka watse, da yawa suka nufo kudu maso gabas, wajen Ningi. Sun riƙe cewa kafin ya mutu ya gaya musu akwai masu zuwa da cikon labarin Isa. A kan wannan magana suka zauna jira sama da shekara arba'in. Waɗanda suka ji ta daga bakinsa suka tsufa, aka binne su ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya suka gaji jiran kamar yadda ake gadon gona.

Ni Musulmi ne, kuma aƙidarsu ba tawa ba ce. Hukuncin abin da ke zukata na Allah ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsawon jiran nan, da gajartar abin da ya biyo bayansa.

A kudancin ƙasar nan Kiristanci ya daɗe da sauka, don 'yan Methodist sun iso Badagry tun 1842. Ƙasar Hausa kuwa sai a 1900 ayarin mishan na CMS ya iso Kano, Bishop Tugwell na jagora, tare da wani matashin likita Bature, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ya ba su masauki na dindindin ba. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a wannan shekarar. A 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, yana magani yana koyar da yara, shekara da shekaru ba a tara masa jama'ar kirki ba. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. A ganinsu alkawarin malaminsu ya cika. A ganin Miller kuma ga amfanin gonar da ya daɗe yana nomawa ba ya girbi.

Aka yanke shawarar tara su wuri ɗaya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Mutane suka baro gidajen da aka haife su, suka ɗauko mata da yara da 'yan komatsansu. Lokacin ma ba mai sauƙi ba ne, don shekarun yunwar nan ce ta 1913 da 1914 da ta yi ɓarna a ƙasar Kano. Wanda aka ɗora musu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, inda tarihin rake ya haɗe da wahalar bayi. Aka yi coci, aka yi makaranta, aka sare daji aka yi gonaki. Thompson ya duba fadamar wurin ya ga ta rake ce, ya kawo musu dabarar da ya sani daga gida, ta matse rake da inji a dafa ruwan ya daskare. Masu tarihi suna danganta farkon sana'ar mazarƙwaila a wannan yanki da shi da mutanen Gimi.

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake wannan aiki a ƙasar Makarfi ya san yadda yake. Doki yana zagaye yana jan doguwar sanda, injin na juyawa yana ƙara, yaro na durƙushe yana cusa rake a bakinsa, ruwan na tsiyaya kore-kore cikin mazubi. Can gefe an haƙa murhu, ana hura shi da busasshen tuƙar raken, ruwan na tafasa ana kwashe kumfa har ya yi kauri ya yi ja. Sai a zuba a 'yan ƙananan kwanuka, a bari ya sha iska. Aiki ne na mutumin da ya yi niyyar zama. Ba wanda zai sayi inji, ya ajiye doki, ya dasa raken da sai ya kusa shekara kafin a sare, alhali yana ganin baƙo ne shi a wurin. Mutanen Gimi sun yi lissafin jikoki.

Ruwan da ya raya raken shi ya raya ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana son inuwar kurmi da bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, maza ke ban-ruwa. Cizonsa ke sa wa mutum ƙwayar ciwon barci. Ciwon ba ya zuwa da hayaniya. Zazzaɓi ne yau, gobe ya tafi, jibi ya dawo da ciwon kai. Sai kaluluwa ta fito a bayan wuya. Ana nan sai a ga mutum mai kuzari ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, dare kuma ya kasa runtsawa. Ana ba shi tuwo, barci ya kwashe shi da loma a hannu. Hankali ya fara gushewa, jiki ya rame, har ranar da za a tashe shi ya ƙi tashi. A wancan lokaci maganin da ake da shi kaɗan ne, kuma shi kansa yana da haɗari.

Haka ciwon ya bi gidajen Gimi. Kafin ƙauyen ya cika shekara goma, mutuwa ta ɗebi jama'a da yawa, sauran suka tashi suka bar shi. A tsaya a auna: jiran sama da shekara arba'in, zaman da bai kai goma ba. Yaran da aka fara koya wa karatu a makarantar ƙauyen, wasunsu ba su kai ga rubuta wasiƙar farko ba. Matan da suka yi wa ɗakunansu daɓe suka jera ƙore, ba su ga daɓen ya tsufa ba. Ba yaƙi ne ya ci su ba, su da iyayensu suka tsira daga takobin Kano da hare-haren kan iyaka. Ƙuda ne.

Kada mai karatu ya ce wannan rabon talakawa ne da ba su da gata. Sarki Abdullahi, wanda a zamaninsa aka kashe Malam Ibrahim, a hanya ajali ya riske shi, a Karofi, bai koma fadarsa ba. Sarki Alu da ya sallami Miller a 1900, shekara uku kacal bayan haka Turawa suka ci Kano, aka kama shi, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Miller ya zauna a birninsa, shi ma an tuɓe shi an kai shi Lakwaja, can ya rasu. Miller ya ga an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da ya ba shi ƙarfinsa na shekaru, ya rasu a ƙasar Jos a 1952. Wanda ya kora da wanda aka kora, mai hukunci da wanda aka yanke wa, babu wanda aka ƙara wa kwana ɗaya saboda matsayinsa. Mu da ke jayayya a kan iyakar gona a Surko ko filin shago a Gwaram, har 'yan'uwa su shekara ba sa gaisawa, da irin lissafin mutanen Gimi muke kwana muke tashi. Shiri ba laifi ba ne, dole a dasa rake. Mantuwar ce abin tsoro, mutum ya ɗauka an yi masa alkawarin ganin ranar sara.

Waɗanda suka tsira suka haɗu da jama'ar mishan ta Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina cocin St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausawa, yana nan har yau, ga asibiti ga makaranta. Daga wannan 'yar unguwa Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciya.

Gwamnatin Turawa ba ta tashi tsaye a kan ciwon barci a ƙasar Zazzau ba sai a shekarun 1930, bayan ya yi wa ƙauyuka da yawa irin abin da ya yi wa Gimi. Aka shiga duba wuyan mutane gari-gari, aka sassare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi don a raba mutane da ruwan da tsando ke tsaro. A Anchau har sabon gari aka gina, aka sa masa suna Takalafiya. A Anchau ɗin aka haifi Ishaya Audu a 1927, daga zuriyar Isawa. Ya karanci likitanci, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a zamanin Shagari. Ya yi shekara saba'in da takwas a duniya, ya rasu a 2005.