Mai Bikin Ranar Haihuwa: Sarki Ne Ko Mai Masauki?

Karatu: Markus 6:21-28, Markus 9:33-37

Ana gobe ɗana zai cika shekara 7, ni da ƙanwata muna zaune a tsakar gida da dare muna hura balan-balan. An soya cincin, an dafa zoɓo, shinkafa kuma sai da safe. Yara 15 muka gayyata, 'yan ajinsu na makarantar Lahadi da 'ya'yan maƙwabta. Abin da ya rage shi ne wasannin da za su yi. Muka rubuta tseren buhu, tseren lemun tsami a cokali, jan igiya, sai wasan zagaya kujeru, wanda ake jera kujeru ba su kai yawan yara ba, a sa kiɗa su yi ta zagayawa, da kiɗa ya tsaya kowa ya nemi wurin zama, wanda ya rasa ya fita.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ni zan riƙe wayar. Zan sa masa ido, sai ya zo daidai kujera in tsayar da kiɗan. Ai ranarsa ce, kada ya yi kuka a gaban baƙi." Na yi dariya na ce to. Amma da na durƙusa yin addu'ar dare, Ruhu Mai Tsarki ya yi ta dawo mini da maganar. Yara 14 za su yi gudu da dukan zuciyarsu a wasan da manya biyu suka riga suka zaɓi wanda zai ci. Na nemi wani suna mai daɗi da zan ba wannan shiri, ban samu ba. Sunansa maguɗi.

Wani zai ce abin bai kai a kawo shi cikin littafin ibada ba, wasan yara ne kawai. Amma yaro mai shekara 7 ba ya raba wasa da rayuwa yadda mu muke rabawa. Abin da ya gani an yi masa a ranar da kowa yake kallonsa, shi zai ɗauka a matsayin yadda duniya ta kamata ta bi da shi. Saboda haka tambayar ta cancanci a tsaya a kanta: a ranar haihuwarsa, wane matsayi muke ba yaron nan? Sarkin yini ɗaya wanda komai zai bi son ransa, ko mai masaukin da ya tara abokansa domin su yi murna tare?

Wuri biyu ne Littafi Mai Tsarki ya ambaci bikin ranar haihuwa a fili, dukansu kuma na sarakuna ne. Na farko na Fir'auna ne, a Farawa sura 40. Ya yi wa fādawansa liyafa, ya mai da mai shayarwarsa kan aikinsa, ya sa aka rataye shugaban masu toya masa gurasa. Na biyu na Hirudus ne, wanda muka karanta yau. Ya tara manyan fādarsa da shugabannin sojoji da manyan ƙasar Galili. 'Yar Hirudiya ta yi rawa, abin ya burge shi, ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa har rabin mulkinsa. Ta roƙi kan Yahaya Mai Baftisma. Markus ya gaya mana sarkin ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma saboda rantsuwarsa da kuma baƙin da ke zaune, bai iya ce mata a'a ba.

Akwai 'yan'uwa masu bi da suka dubi waɗannan labarai biyu suka yanke cewa Kirista ba shi da abin yi da bikin ranar haihuwa. Ina girmama lamirinsu. A nawa ganin, ƙirga shekarun da Allah ya ba mutum da yi masa godiya a kansu abu ne mai kyau; Zabura ta 90 ma addu'a ce ta neman a koya mana ƙirga kwanakinmu. Abin da ya lalata bukukuwan nan biyu shi ne an gina su a kan mutum ɗaya wanda son ransa ya zama doka, sauran mutane kuwa suka zama kayan nishaɗinsa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne dalilin Hirudus. Tsoron jin kunya a gaban baƙi ya sa ya yi abin da ya san ba daidai ba ne. Ni ma ai dalilina ke nan da na amince da shawarar ƙanwata: kada a ji kunya a gaban baƙi. Laifin ba ɗaya ba ne, amma saiwarsa ɗaya ce.

Duk da haka, ƙanwata tana da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Yaro yana bukatar ya san ana ƙaunarsa. Akwai yaran da duk shekara ba a kiran sunansu sai in za a aike su ko a tsawata musu. In an keɓe yini ɗaya domin a nuna wa yaro cewa zuwansa duniya albarka ce, wannan ba gata ba ne da ya wuce gona da iri. To, ina laifin a bar shi ya ci wasa ɗaya?

Laifin shi ne mun haɗa abu biyu da Allah bai haɗa ba, wato ƙauna da cin nasara. In sai ya ci wasa ne zai ji ana ƙaunarsa, mun koya masa cewa ranar da ya faɗi jarrabawa ko ya rasa aiki, ƙauna ma ta tafi. Dubi abin da Ubangijinmu ya yi a cikin gida a Kafarnahum. Almajiransa sun yi gardama a hanya a kan wane ne babba a cikinsu. Ya zauna, ya kira sha biyun, ya nuna musu cewa mai son zama na farko sai ya zama na ƙarshe, mai yi wa kowa hidima. Sannan ya ɗauki ƙaramin yaro, ya tsai da shi a tsakiyarsu, ya rungume shi. Yaron nan bai ci wata gasa ba kafin a rungume shi. An sa shi a tsakiya, kowa ya gan shi, amma ba a ture kowa ba domin a yi masa wuri. Irin wannan girmamawa ce ta dace da mai bikin ranar haihuwa.

Ba ina cewa a daina wasan da ake ci ko a faɗi ba. Manzo Bulus da kansa ya yi misali da masu tsere, ya kuma tuna wa Timoti cewa ɗan wasa ba ya samun rawanin nasara sai ya bi ka'ida. Yaro yana bukatar ya ɗanɗana faɗuwa tun yana inda iyayensa za su share masa hawaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda bai taɓa rasa kujera yana ɗan shekara 7 ba, da wuya ya iya haƙuri ranar da aka ba wani muƙamin da yake so yana ɗan shekara 40, ko a wurin aiki ko a cikin ikkilisiya.

Da gari ya waye na kira ɗana na ce masa, "Yau kai ne mai gida. Duk wanda ya shigo, baƙonka ne. Aikinka ka ga kowa ya ji daɗi." Muka sake tsara wasannin tare da shi. Mai tsayar da kiɗa za ta juya wa yara baya, ta fuskanci bango. Wanda ya fita daga wasan kujeru ba zai koma gefe ya yi zugum ba. Za a ba shi gwangwani da sanda ya shiga cikin makaɗa, don haka yayin da masu zagaye suke raguwa, kiɗa yana ƙaruwa. A tseren buhu muka haɗa babba da ƙarami su zama ƙungiya ɗaya. Muka ɓoye alewa 30 a lungunan gida, kowa ya nemo, amma a faranti ɗaya za a zuba a raba daidai. Ɗana ne ya tuna mini da wani abokinsa da shan inna ya taɓa wa ƙafa, ba ya iya gudu. Shi ya kawo shawarar a ba shi usur ya zama alƙalin wasa. Ni ban ma tuna da yaron ba, ga shi kuwa wasanni uku cikin huɗun da muka rubuta na masu ƙafa ne.

Wajen kyauta kuma, labarin Dawuda a 1 Sama'ila sura 30 ya taimake ni. Mutum 600 suka bi sawun Amalekawa. Mutum 200 suka gaji har suka kasa haye rafin Besor, suka tsaya wurin kaya. Da 400 suka dawo da ganima, waɗansu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya komai. Dawuda ya ƙi, ya ce rabon kowa ɗaya ne, domin Ubangiji ne ya ba da nasarar, har abin ya zama doka a Isra'ila. Muka ɗaure leda 15 iri ɗaya, biskit da fensir da alewa. Wanda ya ci wasa, tafi da kirari ne ladarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, ɗana ya rasa kujera a zagaye na huɗu, kuma bai ji daɗi ba. Ya yar da gwangwanin da aka miƙa masa, ya shige bayan ƙofa yana kuka, a gaban baƙin da nake tsoro. Babansa ya bi shi, ya zauna a ƙasa kusa da shi, bai yi masa faɗa ba, bai kuma ce za a sake wasan ba. Ya dai riƙe shi har ya huce. Bayan ɗan lokaci ya fito, ido jajur, ya ɗauki farantin kek ya fara miƙa wa mafi ƙanƙanta a cikin yaran kamar yadda muka shirya. Kafin a tashi muka sa shi a tsakiya, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa, sannan muka ɗora masa hannu muka sa masa albarka. Ban san abin da zai tuna daga wannan rana in ya girma ba. Na dai san ba mu yi masa ƙarya ba, ba mu kuma yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka rubuta wasannin bikin ɗanka, ka kira sunayen yaran da za su zo ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Ka tambayi kanka wa zai fara fita, me zai yi bayan ya fita, wa kuma ba zai iya shiga ba sam. Annabi Zakariya, a sura 8, ya hango titunan Urushalima cike da yara maza da mata suna wasa, alamar cewa Allah ya dawo ya zauna a tsakiyar jama'arsa. Tsakar gidanka ma tana iya zama haka na yini ɗaya.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin 'ya'yan da ka ba ni amana, da kowace shekara da ka ƙara musu. Ka gafarta mini inda tsoron idon mutane ya sa na karkata gaskiya. Ka cika 'ya'yana da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba su zuciyar hidima, su iya cin nasara ba girman kai, su iya faɗuwa ba ɗacin rai. Gidana zai zama wurin da kowane yaro zai sami wurin zama. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.