Ɗan Haya: Baƙo Ne Ko Abokin Ciniki?

A Dandin Mahe, kamar sauran garuruwan yankin Boɗinga da Shagari, a da idan baƙo ya sauka sai a share masa ɗaki, babu zancen kuɗi. Yau kuwa malamin firamare da ma'aikacin asibiti da ɗan bautar ƙasa duk haya suke kamawa. To, mu masu ɗakunan, a matsayin me za mu ɗauke su?

A ganinmu, ranar shiga abokin ciniki ne. Mu yanka kuɗi a fili, mu rubuta a gaban shaidu, mu fayyace wanda gyaran rufi da kuɗin wuta ke kansa, mu ba da rasit. Kunyar ranar farko ita ke haifar da shari'a gaban alƙali.

Amma ranar da albashi ya makara, ya koma baƙo. Wanda bai taɓa saɓa alkawari ba ya cancanci jinkiri, ba a watsa masa kaya gaban iyalinsa. Mu ma da ɗakinmu ya yi yoyo da damina, ai haƙuri ya yi da mu.

Ɗan haya zai tashi wata rana. Sunan garinmu zai tafi da shi.